Rayuwa da Cuta Mai Karya Garkuwar Jiki a Maiduguri: Nasarar Magungunan Zamani da Barazanar Katsewar Shan Su

Maƙalar da aka gabatar a taron ƙara wa juna sani kan kiwon lafiyar al'umma, Maiduguri

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin yadda magungunan zamani suka sauya makomar mai ɗauke da ƙwayar cutar HIV, tare da mayar da hankali kan Maiduguri da kewayenta. An dogara da rahotannin Hukumar Lafiya ta Duniya da na UNAIDS, wato shirin Majalisar Ɗinkin Duniya na yaƙi da ƙanjamau, da binciken ƙasa na 2018, da sakamakon manyan gwaje-gwajen likitanci da aka wallafa. Maƙalar ta nuna cewa cutar da a da ake ɗauka daidai da mutuwa ta koma sahun cututtukan da ake rayuwa da su, kamar hawan jini da ciwon suga, muddin ana shan magani kullum. Daga nan ta kafa hujjar cewa a Jihar Borno babbar barazana ga mai cutar a yau ita ce katsewar magani, wadda gudun hijira da ambaliya da talauci da tsangwama da dogaro da tallafin waje ke haddasawa. An rufe da shawarwari ga gwamnati da asibitoci da sarakuna da malamai.

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya yi aiki a ɗakin kwanciya na wani babban asibiti a Arewa cikin shekarun 1990 ya san kamannin wannan cuta a lokacin: rama mai tsanani, gudawa da ba ta tsayawa, tari na watanni, ƙuraje a baki da fata. Likita na iya kwantar da gudawar ko ya yi maganin tarin, amma ba shi da abin da zai taɓa tushen ciwon. Sau da yawa dangi kan ɗauke majinyaci su koma gida, a kai shi ƙuryar ɗaki, a ware masa kwano da kofi, a ce sammu ne ko jifa.

Wannan hoto shi ne har yanzu yake zuwa zukatan mutane da yawa in an ambaci ƙanjamau, alhali kuwa ilimin likitanci ya bar wurin shekaru kusan talatin da suka wuce. Tazarar da ke tsakanin abin da magani ya iya yi da abin da jama'a suka sani game da shi, ita ce ta sa aka rubuta wannan maƙala. Za ta amsa tambayoyi uku. Me maganin ya sauya? Me ke hana mutumin Borno cin gajiyar wannan sauyi? Wane ne ke da alhakin gyara?

2.0 Waiwaye

2.1 A duniya

A watan Yunin 1981 likitoci a Amurka suka ba da rahoton wasu samari biyar a Los Anjeles da suka kamu da wani irin ciwon huhu da ba ya kama mai lafiyayyar garkuwar jiki. A 1983 masu bincike a Cibiyar Pasteur da ke Faris, ciki har da Françoise Barré-Sinoussi da Luc Montagnier, suka gano ƙwayar cutar. Maganin farko, AZT, ya samu amincewa a 1987, sai dai amfaninsa bai daɗe ba, domin ƙwayar cutar na saurin sauya kama ta bijire wa magani guda ɗaya. Sai a 1996, a babban taron da aka yi a Bankuba ta Kanada, aka bayyana cewa haɗa magunguna uku a lokaci guda na danne ƙwayar har ta kasa yaɗuwa a jiki. Daga wannan shekara mace-mace suka ragu ƙwarai a Turai da Amurka.

Afirka ba ta ga wannan sauƙi da wuri ba, saboda maganin shekara guda na mutum ɗaya ya kai dala 10,000 ko fiye. Farashin ya karye ne a 2001, lokacin da kamfanin Cipla na Indiya ya yi tayin sayar da haɗin magunguna uku a kan dala 350 a shekara. Sai aka kafa Asusun Duniya na yaƙi da ƙanjamau da tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro a 2002, Shugaba George W. Bush na Amurka kuma ya ƙaddamar da shirin tallafin yaƙi da ƙanjamau na PEPFAR a 2003. A ƙididdigar UNAIDS ta 2024, mutum miliyan 40.8 ne ke ɗauke da ƙwayar a duniya, miliyan 31.6 daga cikinsu na kan magani. Waɗanda suka rasu a shekarar sun kai 630,000, idan aka kwatanta da kimanin miliyan 2 a 2004.

2.2 A Nijeriya da Borno

An ba da rahoton farko na cutar a Nijeriya a 1986. Maiduguri na cikin wuraren da aka fara binciken ta da gaske, domin a ƙarshen shekarun 1980 Farfesa Idris Mohammed da abokan aikinsa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri sun wallafa sakamakon gwajin jini da suka yi a Borno. Matsayin jihar ya sa binciken ya zama tilas: ta yi iyaka da Nijar da Chadi da Kamaru, manyan motoci na bin hanyar Gamboru-Ngala da ta Banki, 'yan kasuwar kifi kuma na safara tsakanin Baga da kudancin ƙasar.

Duk da haka, inkari ya daɗe. Sanarwar da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ya yi a watan Agustan 1997, cewa ƙanjamau ce ta yi ajalin ƙaninsa, mawaƙi Fela, na cikin abubuwan da suka sa 'yan Nijeriya da dama suka yarda cewa cutar na tare da su. Gwajin mata masu zuwa awon ciki ya nuna yawan masu ɗauke da ita ya tashi daga kashi 1.8 cikin 100 a 1991 zuwa kashi 5.8 a 2001. A watan Afrilun 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu ga kiwon lafiya. A 2002 gwamnatin Obasanjo ta fara raba magani a cibiyoyi 25, da nufin kula da manya 10,000 da yara 5,000, majinyaci na biyan naira 1,000 a wata. An mayar da maganin kyauta a 2006. A tsakiyar shekarun 2000 Asibitin Koyarwa na Maiduguri ya shiga cikin cibiyoyin da shirin PEPFAR ya tallafa ta hannun Jami'ar Harvard da ƙungiyar APIN, abin da ya kawo magani da kayan gwaji da horar da ma'aikata.

Binciken ƙasa na NAIIS, wanda aka yi gida-gida a 2018 aka sanar da sakamakonsa a watan Maris na 2019, ya nuna kashi 1.4 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 49 ne ke ɗauke da ƙwayar, jimillar masu ita kuma ta kai kimanin miliyan 1.9. A shiyyar Arewa maso Gabas kashi 1.1 ne. Abu biyu ya kamata a lura da su. Na farko, mata sun ninka maza: kashi 1.9 a kan 0.9. Na biyu, akwai yankunan Borno da rashin tsaro ya hana masu binciken shiga, don haka a yi hattara wajen kwantar da hankali da ƙarancin adadin.

3.0 Yadda maganin ke aiki

Ƙwayar HIV na shiga wasu ƙwayoyin jini da ake kira CD4, waɗanda ke jagorantar garkuwar jiki. Tana hayayyafa a cikinsu, ta kashe su. Mai lafiya na da tsakanin 500 da 1,500 a kowane ɗan ma'aunin jini. Idan suka faɗo ƙasa da 200, sai cututtukan da jiki ya saba turewa su samu hanya: tarin fuka, sanƙarau mai nasaba da funfuna, ciwon huhu, gudawa. Wannan mataki shi ne ƙanjamau. Ke nan ɗaukar ƙwayar daban, ƙanjamau daban, kuma mai shan magani a kan kari zai iya ƙare rayuwarsa bai kai wannan mataki ba.

Magungunan na toshe hanyoyin da ƙwayar ke bi ta hayayyafa. Wanda aka fi bayarwa yanzu a Nijeriya shi ne TLD, ƙwaya guda da ta haɗa tenofovir da lamivudine da dolutegravir, ana sha sau ɗaya a rana. Waɗanda suka fara magani shekaru ashirin da suka wuce sun san bambancin. A cikin tsofaffin magungunan, stavudine kan zaftare kumatu ya sa tafin ƙafa zugi, har mutum ya zama abin nunawa a unguwa. Nevirapine kan fesar da ƙuraje, AZT na rage jini, efavirenz na sa jiri da munanan mafarkai. Dolutegravir ya fi su sauƙi a jiki, ya fi saurin danne ƙwayar, kuma ƙwayar ba ta saurin bijire masa. Yana da nasa lahanin, kamar ƙarin ƙiba da rashin barci ga wasu. A 2017 aka cimma yarjejeniyar sayar da shi ga ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi a kan kimanin dala 75 a shekara, a 2019 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a sahun farko ga kowa.

Lokacin fara magani ma ya sauya. Da, sai CD4 ya faɗo ƙasa da 200 ake farawa, daga baya aka ɗaga zuwa 350, sannan 500. Bayan gwajin START na 2015 ya tabbatar da cewa farawa da wuri na rage ciwo da mutuwa, sai aka ce a ba duk wanda gwaji ya nuna yana ɗauke da ƙwayar, ko da kuwa garau yake. Nijeriya ta karɓi wannan tsari a 2016.

Ma'aunin nasara shi ne gwajin yawan ƙwayar a jini, wanda ake yi bayan wata shida da farawa, sannan lokaci-lokaci. Mafi yawan masu shan magani yadda ya kamata kan kai matsayin da na'ura ba ta iya ganin ƙwayar a jininsu. Amma a nan ake yawan yin kuskure. Rashin ganin ta a jini ba warkewa ba ne. Tana nan kwance a wasu sassan jiki, kuma da zarar an daina magani, cikin 'yan makonni za ta dawo. Sha yau a bari gobe ya fi haɗari, domin ta nan ƙwayar ke koyon bijire wa maganin. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

4.0 Abin da ya sauya a rayuwar mai cutar

4.1 Tsawon rai da sana'a

Wani nazari da aka wallafa a 2017 kan majinyata a Turai da Arewacin Amurka ya nuna cewa matashi ɗan shekara 20 da ya fara magani, ƙwayar ta kwanta a jikinsa, na iya sa ran kai wa shekara 78, kusan daidai da sauran jama'a. A karkarar KwaZulu-Natal ta Afirka ta Kudu, inda cutar ta yi ɓarna sosai, tsawon ran manya ya ƙaru da fiye da shekara 11 tsakanin 2003 da 2011 saboda shigowar magani. Rai dai a hannun Allah yake, amma sababin ya bayyana. Ɗan kasuwa a Kasuwar Monday, da malamar makaranta, da direban Keke Napep, duk suna iya ci gaba da neman abincinsu ba tare da wani ya gane suna shan magani ba. Ga wanda jikinsa ya daidaita, ana ba da maganin wata uku zuwa shida a zuwa ɗaya. Sabon aikin da ke gaban likitoci yanzu shi ne kula da masu cutar da suka manyanta, waɗanda hawan jini da ciwon suga da ciwon ƙoda ke damun su kamar kowa.

4.2 Aure

A nan ne sauyin ya fi girma, a nan ne kuma jama'a suka fi ƙarancin labari. Gwajin HPTN 052 na 2011 ya nuna fara magani da wuri ya rage yaɗuwar ƙwayar tsakanin ma'aurata da kashi 96 cikin 100. Nazarin PARTNER, wanda aka wallafa a 2016 da 2019, ya bi ma'aurata da ɗayansu ke ɗauke da ƙwayar, kuma bai samu ko mutum ɗaya da ya kamu daga abokin zamansa ba matuƙar yawan ƙwayar cutar ya faɗo ƙasa da 200 a ma'aunin jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da haka a 2023: wanda ba a ganin ƙwayar a jininsa ba ya yaɗa ta ta hanyar saduwa.

Wannan na da nauyi a al'ummar da ake auren mace fiye da ɗaya, ake yawan saki da sake aure, ga kuma dubban matan da rikici ya mayar zawarawa. A 2008 hukumar yaƙi da cutar ta Jihar Bauchi ta riƙa haɗa aure tsakanin masu ɗauke da ƙwayar, a 2024 kuma Jihar Kano ta kafa dokar gwaji kafin aure. Gwaji kafin aure abu ne mai kyau, amma amfaninsa ya dogara da abin da ya biyo baya. In sakamakon ya zama hanyar fallasa, mutane za su nemi takardar bogi. In ya zama ƙofar fara magani da shawara a asirce, zai kare gidaje.

4.3 Haihuwa da shayarwa

In ba a ɗauki mataki ba, tsakanin kashi 15 da 45 cikin 100 na jariran uwaye masu ɗauke da ƙwayar kan kamu, a ciki ko wajen haihuwa ko ta nono. Da magani, adadin na faɗowa ƙasa da kashi 5. Uwa ta sha maganinta tun tana da ciki, a ba jariri nasa na ruwa bayan haihuwa, a gwada shi a mako na shida. Ana shawartar uwar da ke kan magani ta ba da nono zalla wata shida, ta ci gaba da shayarwa tare da abinci har shekara guda ko fiye. Wannan ya ɗauke wa mata nauyin da suka sha a baya, lokacin da hana jariri nono ke tona asirin uwa a gaban kishiya da uwar miji. Duk da haka Nijeriya na cikin ƙasashen da suka fi yawan jariran da ke kamuwa, saboda mata da yawa ba sa zuwa awon ciki, suna haihuwa a gida a hannun ungozoma ba tare da an taɓa gwada su ba.

4.4 Azumi

Tambayar da ake yawan yi wa ma'aikatan lafiya kafin Ramadan ita ce ko mai shan magani zai iya azumi. Wani nazari da aka yi a Kano aka wallafa a 2009 ya nuna masu azumi na iya sauya lokacin shan maganinsu ba tare da sun yi sakaci da shi ba. Da zuwan ƙwaya guda a rana, abin ya ƙara sauƙi: a tsayar da lokaci ɗaya, ko da sahur ko bayan buɗa-baki, a riƙe shi. Wanda jikinsa ya yi rauni kuwa ya nemi shawarar likita, shari'a ma ta yi masa rangwame.

5.0 Abubuwan da ke katse magani a Borno

5.1 Rikici da gudun hijira

Tun daga Yulin 2009 jihar ke cikin rikicin Boko Haram. A 2014 garuruwa irin su Bama da Gwoza da Dikwa suka faɗa hannun mayaƙa, jama'a suka kwararo Maiduguri. Wanda ya gudu da rigar jikinsa bai tsaya ɗaukar katin asibiti ko kwalbar magani ba. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na ƙarshen 2016 ya nuna cewa cikin cibiyoyin lafiya 743 na jihar, kashi 35 cikin 100 an lalata su gaba ɗaya, kashi 29 kuma an lalata wani ɓangare nasu. Fayil-fayil sun ƙone, ma'aikata sun watse.

Zaman sansani ya kawo nasa matsaloli. A tanti ɗaya da mutane da yawa, ina za a ɓoye kwalbar magani? Rahoton Human Rights Watch na Oktoban 2016 ya kawo labaran mata da 'yan mata 43 da aka ci zarafinsu a sansanoni bakwai a Maiduguri, wasu ta hanyar yaudara da abinci ko alkawarin aure. Yunwa na tura mace inda ba ta so, can kuma ba ta da bakin gindaya sharaɗi. Sa'annan, da aka rufe sansanonin cikin birni irin su Bakassi da Dalori tsakanin 2021 da 2022, waɗanda suka saba karɓar magani a Maiduguri suka koma ƙananan hukumomi masu nisa, inda hanya ba ta biyuwa kowane lokaci. Kowace ƙaura, ta gudu ce ko ta komawa gida, wuri ne da majinyaci kan ɓace daga rajista.

5.2 Ambaliya da wutar lantarki

A ranar 10 ga Satumban 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye unguwanni irin su Gwange, ya shiga Kasuwar Monday da fadar Shehu, ya kuma shiga Asibitin Koyarwa da Asibitin Ƙwararru na jiha. Dubban ɗaruruwan mutane suka bar gidajensu cikin dare. Mai maganin wata shida a ƙarƙashin gado ya rasa shi a sa'a guda, asibitin da zai je ya karɓi wani ma yana cikin ruwa. Kafin wannan, tun Janairun 2021 da aka fasa turakun wuta a hanyar Damaturu, birnin ya daɗe cikin duhu, na'urorin gwajin jini kuwa ba sa aiki sai da wuta mai ɗorewa. Darasin shi ne shirin ko-ta-kwana na jiha dole ya ƙunshi masu cututtukan da ake shan magani kullum, kamar yadda ya ƙunshi kwalara da abinci da tanti.

5.3 Talauci

Maganin kyauta ne, zuwa karɓar sa ba kyauta ba ne. Akwai kuɗin mota, da yinin da aka rasa a wurin sana'a, da wasu gwaje-gwajen da ake biya. Tun bayan cire tallafin man fetur a 2023 kuɗin sufuri ya ninka. Mai jin yunwa kuma kan ce maganin na buɗe masa ciki, ga shi ba abin da zai ci, sai ya ajiye shi har sai ya samu abinci.

5.4 Tsangwama

Dokar hana nuna bambanci ga masu ɗauke da HIV ta 2014 ta haramta korar mutum daga aiki ko makaranta saboda cutar, ta kuma haramta bayyana sakamakonsa ba da izininsa ba. Doka dai ba ta shiga tsakar gida. Mace ce yawanci ake fara ganowa, saboda ita ke zuwa awo, sai a ɗora mata laifin kawo cutar ko da daga miji ta samu. Tsoron saki kan sa ta juye maganin cikin wani mazubi, ta sha a ɓoye, ko ta daina. Namiji kuwa kan ƙi gwaji har sai ciwo ya kayar da shi. Wasu na tsallake asibitin unguwarsu su tafi mai nisa don kada a gan su a layi, ƙarin kuɗin motar kuma shi ne mafarin fashin shan magani. Akwai kuma yaran da aka haifa da ƙwayar suka balaga, waɗanda kan yi fushi su watsar da magani ranar da suka gano abin da aka daɗe ana ɓoye musu.

5.5 Masu da'awar warkarwa

Nijeriya ta ga Dokta Jeremiah Abalaka a 2000, Gambiya ta ga shugabanta na lokacin Yahya Jammeh a 2007, dukkansu sun yi da'awar warkar da cutar, babu wanda hujjar ilimi ta mara wa baya. Irin wannan da'awa na nan a kasuwanni da kafofin sada zumunta. Dabarar da ta fi kisa ita ce a ba mai shan TLD wani jiƙo, a tura shi gwajin yawan ƙwayar, ya dawo da takardar da ta nuna ba a gan ta ba, a ce masa ya warke ya daina na asibiti. Addu'a da tofi ba sa karo da magani, kuma addini ya yi umarni da neman magani. Abin da ke halaka mutum shi ne a ce masa ya ajiye maganinsa.

5.6 Dogaro da tallafin waje

Mafi yawan kuɗin magani da gwaji a Nijeriya na fitowa ne daga PEPFAR da Asusun Duniya. A Janairun 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙetare, daga bisani ta rushe hukumar USAID, wadda a da take ɗaukar nauyin ayyukan HIV a Borno. Ko da yake an sassauta wa magungunan ceton rai, girgizar ta taɓa albashin ma'aikatan sa-kai da masu bin sawun majinyata da jigilar samfurin jini. Gwamnatin Tarayya ta amince da naira biliyan 4.8 don sayen magani, an kuma ƙara dala miliyan 200 a kasafin lafiya na 2025. Matakin ya dace, amma ya nuna yadda ran mutane ya rataya a kan shawarar da ake yankewa a wata ƙasa. Haka lamarin zai kasance da sabbin magunguna irin su lenacapavir, allurar rigakafi sau biyu a shekara da aka amince da ita a 2025. Amfaninta ga matar da ke zaune a Monguno ya dogara da wanda zai biya da wanda zai kai mata.

6.0 Shawarwari

1. Gwamnatin Jihar Borno ta ware kaso tsayayye a kasafinta don magani da gwaji da albashin masu bin sawun majinyata, ta kuma saki kuɗin a kan kari.

2. A adana bayanan majinyata a kwamfuta ta yadda wanda ya rasa katinsa zai iya karɓar magani a kowace cibiya ta jihar ba tare da dogon bincike ba.

3. Hukumar agajin gaggawa ta jiha ta tanadi maganin HIV da na tarin fuka cikin kayan da ake kai wa duk inda aka tsugunar da jama'a, a raba shi tare da sauran magunguna don kada a gane mai karɓa.

4. A haɗa kula da HIV da ta hawan jini da suga a ɗaki ɗaya. Layi na musamman tamkar sanarwa ne.

5. A horar da ungozomomi su riƙa raka masu ciki gwaji, a kuma tabbatar wanzamai da masu yankan farce na amfani da sabuwar reza ga kowane mutum.

6. Masarautar Borno, ta hannun hakimai da lawanai da bulamomi, tare da limamai da fastoci, su isar da saƙo biyu cikin Kanuri da Hausa da Shuwa da Bura da Marghi: mai shan magani har ƙwayar ta kwanta a jininsa ba ya yaɗa cutar ga abokin aurensa, kuma babu wanda ya isa ya ce masa ya daina sha.

7. A sa ƙungiyar NEPWHAN ta masu ɗauke da ƙwayar cikin tsara ayyuka tun daga farko, domin uwar da ta haifi 'ya'ya lafiyayyu ta fi kowa iya shawo kan mai sabon ciki da ke cikin firgici.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta bi tarihin cutar daga lokacin da ba ta da magani zuwa yau da ƙwaya guda a rana ke ba mutum damar tsufa, da aure, da haihuwar 'ya'ya lafiyayyu. Ta kuma nuna cewa a Borno wannan nasara na tsaye ne a kan sharaɗi ɗaya, wato kada shan maganin ya katse, kuma abubuwan da ke katse shi kusan duka daga wajen ɗakin likita suke: hanya, ruwa, abinci, bakin mutane da kasafin kuɗi. Duniya ta sa 2030 a matsayin shekarar kawo ƙarshen ƙanjamau a matsayin barazana ga lafiyar al'umma. Masu bincike sun sauke nasu nauyin. Idan yau aka rasa wani a Maiduguri sanadiyyar wannan cuta, galibi ko dai an makara wajen gano ta ne, ko kuma maganinsa ya yanke, kuma dukkansu abubuwa ne da gwamnati da asibiti da gida za su iya hanawa. Saboda haka ana kira ga mahalarta wannan taro, kowa a fagensa, da su mayar da hana katsewar magani ma'aunin da za su riƙa auna aikinsu da shi.